Me Ya Sa Tsohuwar Mota Ke Mutuwa A Silo? Hanyoyin Gano Matsalar Kafin A Kashe Kuɗi

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar da ta taso daga Kontagora, ta ratsa Yelwa, ta nufi Koko da Jega, ya san irin motocin da ke ɗauke da jama'ar ƙasar Yauri. Akasarinsu sun kwana biyu. Akwai Golf da Sharan da Vectra masu jigilar fasinja tsakanin Yelwa da Wara da Shanga. Akwai Camry da Accord da Corolla na ma'aikata da 'yan kasuwa, waɗanda sai da suka shekara da shekaru a Turai ko Amurka kafin su iso ta Kwatano ko Legas. Akwai kuma ɗaiɗaikun Peugeot 504, irin wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, suna nan suna fama da buhunan albasa da kwandunan kifi.

Waɗannan motoci duk da bambancinsu sun yi tarayya a ciwo ɗaya. Mota tana tafiya lafiya lau a kan titi, amma da zarar direba ya ɗage ƙafa daga totur, a shingen jami'an tsaro ko a cunkoson bakin kasuwa, sai inji ya yi kakkarwa ya mutu. A tayar, ta tashi. A sake tsayawa, ta sake mutuwa. Kanikawa kan ce motar ba ta riƙe silo.

Masu motoci da yawa sun kashe kuɗi mai kauri a kan wannan matsala ba tare da ta warke ba, saboda an fara da sayen kaya kafin a yi bincike. Yau a canza fulogi, gobe famfon mai, jibi a ce sai an sauke inji. Alhali a mafi yawan lokuta abin da ke jawo ta ƙarami ne, kuma motar da kanta tana nuna inda yake, idan an san abin da za a lura da shi.

Abin da ke faruwa a cikin inji

Silo shi ne jujjuyawar inji a hankali lokacin da mota ke tsaye, ƙafa ba ta kan totur. A galibin motoci masu amfani da fetur, idan inji ya ɗumama yakan yi juyi 700 zuwa 900 a minti ɗaya. Inji mai silinda huɗu yana tashin wuta sau biyu a kowane juyi. Ke nan a juyi 750 ana samun tashin wuta 25 a daƙiƙa ɗaya, alhali a gudun kan titi, inda inji ke juyi 3,000, ana samun 100. Idan wuta ta ɓace sau biyu ko uku cikin ɗari, ƙarfin gudu zai rufe asiri. Idan ta ɓace cikin ashirin da biyar, inji zai girgiza, idan abin ya yi yawa ya tsaya.

Haka zancen iska da mai yake. Inji yana son iska kashi 14.7 a kan kashi ɗaya na fetur idan aka auna da nauyi. A silo ƙofar totur a rufe take, 'yar iskar da ke shiga ta wata siririyar kafa take bi, man da ake ba ta kuma ɗan kaɗan ne. Saboda haka ƙaramar ɓula a jikin tiyo, ko ɗan datti a bakin jet, wanda ba zai hana mota gudu ba, ya isa ya ɓata ma'aunin gaba ɗaya. Wannan ne dalilin da ya sa ƙananan matsaloli ke fara bayyana a silo tun kafin a ji su a ko'ina.

Abubuwa huɗu inji ke rayuwa a kansu: iska, da mai, da wuta, da matsi a cikin silinda. Kowace irin mutuwar silo tana komawa ga ɗaya daga cikinsu. Sai dai yana da kyau mai mota ya san gidan da motarsa ta fito. Masu kafireta, irin su 504 da Golf 2 da tsofaffin Starlet, suna haɗa iska da mai ne ta hanyar jet da fuloti da kusoshin saiti. Masu injekta, irin su Golf 3 da Carina E da Camry da Accord na ƙarshen shekarun 1990, ƙwaƙwalwar mota ce ke auna komai bisa rahoton da sensoci ke kai mata.

Tambayar farko: yaushe take mutuwa?

Kafin a buɗe bonet, a yi kwana biyu ko uku ana lura. Amsar wannan tambaya kaɗai takan rage rabin aikin.

Idan da safe kawai take mutuwa, da ta ɗumama ta daidaita, to a mota mai kafireta a duba cok, a mai injekta kuma a duba sensar da ke auna zafin ruwan inji da bawul ɗin silo. Idan safiyar damina ce ko motar ta kwana kusa da ruwa, raɓa a cikin murfin disturbuta na iya zama sanadi.

Idan sai ta yi zafi take mutuwa, ta ƙi tashi, sai an bar ta minti ashirin ko talatin ta huce sannan ta tashi kamar ba ita ba, to zargi ya fi karkata ga kwayil, ko sensar da ke lura da juyin karanshaf, ko famfon mai da ya fara gajiya.

Idan tana mutuwa ne lokacin da aka kunna na'urar sanyaya mota, ko manyan fitilu, ko aka murɗa sitiyari har ƙarshe, to inji ya kasa ɗaukar ƙarin nauyi. Wannan aikin bawul ɗin silo ne, ko dattin bakin totur, ko oltaneta mai rauni.

Idan taka birki ne ke kashe ta, musamman idan ana jin huci a ƙarƙashin ƙafa, to sabon birki, wato tukunyar da ke sauƙaƙa taka shi, tana shan iska. Idan kuma mota mai giyar otomatik ce, tana lafiya a tsaye amma takan mutu da fizga idan an zo tsayawa bayan doguwar tafiya, kamar mai giyar hannu da aka manta ba a taka kuloci ba, to matsalar tana cikin giya, inji ba shi da laifi.

Idan abin ya fara ne ranar da aka sha mai a wani wuri, sai a fara da man. Idan ya fara bayan an cire kan batir, ƙwaƙwalwar ce ta manta saitin silonta, kuma wasu motocin kan koma daidai da kansu bayan an bar su suna aiki na ɗan lokaci an yi 'yar tafiya.

A lura kuma da yadda take mutuwar. Wadda ke tari da shessheƙa kafin ta tsaya, iska ko mai ne ke damunta. Wadda ke ɗaukewa farat ɗaya kamar an kashe makulli, wuta ce ta yanke.

Iska: inda ya kamata a fara

Ƙasar Yauri tana da abubuwa biyu da ke wahalar da hanyar iskar inji. Na farko ƙura, ta hunturu da ta hanyoyin karkara marasa kwalta da ke shiga ƙauyukan Shanga da Ngaski. Na biyu zafin bazara, wanda a watannin Maris da Afrilu kan kai maki 40 a ma'aunin Salsiyos, ya busar da roba har ta tsattsage.

A fara da matatar iska, wadda ake kira iyakilina. A ɗaga ta sama a duba ko haske na ratsa ta. Idan ba ya ratsawa, ta toshe. Hura ta da iskar mai faci yakan yaga takardar ba tare da an gani ba, cire ta gaba ɗaya kuma daidai yake da ɗura wa inji yashi. Canza ta ya fi araha a kan ringi da fistin.

Daga nan sai bakin totur. A mota mai injekta, ƙura da tururin baƙin mai kan haɗu su yi kauri a gefen ƙofar, su toshe kafar da iskar silo ke bi. Kusa da ita akwai bawul ɗin silo, wanda ƙwaƙwalwa ke buɗewa da rufewa don ta riƙe juyin inji daidai. Idan datti ya liƙe shi, ba zai buɗe da sauri ba lokacin da aka ɗage ƙafa, sai mota ta mutu. Wanke waɗannan biyun da ruwan wanke kafireta ya warkar da motoci masu yawa da aka riga aka yanke wa hukuncin sabon famfo. Amma sensar da ke auna iska a bayan iyakilina ba a wanke ta da fetur, ba a kuma taɓa siririyar wayarta da hannu ko tsumma. Tana da nata ruwan wankin.

Sai kuma iskar ɓarauniya. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A silo, manifol yana zuƙo iska da ƙarfi, don haka duk wata tsaga a jikin ƙananan tiyoyi, ko a babban tiyon roba mai lanƙwasa da ke tsakanin iyakilina da totur, ko a gasket ɗin gindin kafireta, za ta shigar da iskar da ba a lissafa da ita ba. Mai ya yi kaɗan, wuta ta kasa kamawa. A wasu motocin alamar ita ce silo ya riƙa hawa da sauka shi kaɗai. Ana gano ta da kunne, domin tana huci, ko a riƙa matse tiyoyin ɗaya bayan ɗaya ana sauraron inji, ko a fesa ruwan sabulu a inda ake zargi a ji ko sauti zai canza. Fesa fetur a kan inji mai zafi, kamar yadda wasu ke yi, ganganci ne da ya sha ƙona motoci.

Wasu motocin suna da bawul da ke mayar da kaɗan daga hayaƙin salansa cikin inji lokacin gudu. A silo ya kamata ya rufe ruf. Idan toka ta hana shi rufewa, inji zai shaƙi hayaƙinsa ya mutu. Shi ma wanki yake buƙata.

Mai: tsabtarsa da yawansa

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce Naira 1,000 a wurare da dama. Wannan ya sauya ɗabi'ar masu motoci. Mutane da yawa ba sa cika tanki, lita uku ko biyar suke sha, allura kullum tana kwance a ƙasa. Illar hakan biyu ce. Famfon mota mai injekta a cikin tanki yake, fetur ɗin da ya nutse a ciki ne ke sanyaya shi, don haka tafiya da ɗigon mai tana gajiyar da shi da wuri. Sannan tankin da babu komai a cikinsa sai iska yakan yi gumi daga ciki idan dare ya yi sanyi, musamman a garuruwan gaɓar Tafkin Kainji inda iska ke da laima da damina. Ruwan ya fi fetur nauyi, sai ya kwanta a ƙasa inda famfo ke zuƙa, ya kuma haifar da tsatsa.

A garuruwan da gidan mai ya yi nisa, dole a sayi mai a jarka ko galan. Ba kowane mai sayarwa ne ke da ha'inci ba, amma jarka na tara ƙura da ruwa. A bakin ruwa kuma akwai fetur ɗin da aka gauraya da baƙin mai domin injinan jiragen ruwa, wanda idan ya shiga mota zai sa ta hayaƙi ya daƙile fulogi. Ko gidan mai ma ba ya rasa nasa: a farkon shekarar 2022 an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima, aka janye shi daga kasuwa bayan ya lalata motoci, abin da ya jawo dogayen layuka a faɗin ƙasa. Gwajin ruwa ba shi da wuya. A tsiyayi man a kwalba mai haske, a ajiye ta minti goma nesa da wuta. Idan akwai ruwa za a gan shi a ƙasa, da layi tsakaninsa da fetur.

A mota mai kafireta, jet ɗin silo ne ya fi saurin toshewa, domin ramin da ke jikinsa kimanin rabin milimita ne kawai. Alamarsa a bayyane take: mota na gudu idan an taka totur, tana mutuwa idan an saki. A wanke shi, a hura masa iska. Tsokanarsa da waya ko allura yana faɗaɗa ramin, daga nan motar ta koma shan mai har abada. Kafiretoci da yawa suna da ɗan ƙaramin makunni mai waya ɗaya a gefe, wanda ke buɗe hanyar man silo idan an murɗa makulli. Idan wayar ta zame ko ya ƙone, alamar iri ɗaya ce da ta toshewar jet. A sa wani ya murɗa makulli a saurara, mai lafiya yakan yi ƙaras. Idan kuma akwai warin fetur da baƙin hayaƙi, fuloti ne ko allurarsa suka bar mai ya cika ya tumbatsa.

Akwai wani abin da ke samun masu kafireta a tsakiyar bazara. Idan mota ta daɗe a tsaye tana silo cikin rana, kamar masu jiran fasinja da kaya a bakin ruwa a Zamare, zafin inji kan tafasa fetur a cikin bututu ya zama tururi, famfo ya kasa tura shi. Magani shi ne a nisanta bututun daga salansa da jikin inji, a naɗe shi da abin da ke kare zafi.

Abu ɗaya da ya kamata a riƙe: matatar mai da ta toshe da famfo mai rauni sun fi nuna kansu a hawan tudu ko wajen wuce wata mota, lokacin da inji ke neman mai da yawa. Motar da ke hawa tudu da lodi ba ta ja da baya amma tana mutuwa a silo, da wuya famfo ya zama matsalarta. Kafin a sayi sabo a sa agogon gwaji. Yawancin masu injekta a kowace silinda suna aiki da matsin da ya kai kimanin ba 3.

Wuta: daga fulogi zuwa batir

Fulogi madubin inji ne. A kwance su a jera bisa tsarin silinda. Mai launin ƙasa-ƙasa yana nuna lafiya. Baƙi mai busasshiyar toka yana nuna mai ya yi yawa. Fari fat yana nuna mai ya yi kaɗan, ko iskar ɓarauniya ta shiga. Mai jiƙe da baƙin mai yana nuna ringi ko robar bawul sun saki. Idan guda ɗaya ne ya bambanta da sauran, matsalar tana silindarsa. Idan duk iri ɗaya ne, tana wurin da suka yi tarayya.

Wayoyin fulogi da suka tsufa kan zubar da wuta a jikin inji. A tayar da mota cikin duhu a ɗaga bonet, za a ga tartsatsi yana tsalle. A buɗe murfin disturbuta a duba tsaga, da laima, da bakin rota. A tsofaffin motoci masu kontak, tazarar bakinsa kimanin milimita 0.4 ce, kuma idan ta matse taimin ya gurɓace, silo ne zai fara shaida.

Kada a manta da wayar da ke haɗa batir da jikin mota da inji. Tsatsa ko sako-sako a nan yakan rikita sensoci har a ɗauka ƙwaƙwalwa ce ta lalace. Batir mai lafiya a kashe yana nuna bolt 12.6, idan inji na aiki kuma 13.5 zuwa 14.5. Mita ce ke faɗar wannan. Al'adar cire kan batir inji na aiki don a gwada oltaneta ta samo asali ne daga zamanin motocin da ba su da ƙwaƙwalwa. A mota mai injekta tana iya ƙona ƙwaƙwalwar nan take.

Matsin silinda: zargin ƙarshe

Idan iska da mai da wuta duk sun fita, sai a koma cikin injin kansa. Ringi da ya cinye, bawul da ya ƙone ko aka ɗaure saitinsa da yawa, gasket ɗin kan inji da ya fashe, ko bel ɗin taimin da ya tsallake haƙori, duk suna rage matsi. Hayaƙi yakan ba da labari: shuɗi na nufin inji na cin baƙin mai, fari mai kauri da ba ya yankewa tare da raguwar ruwan lagireto na nufin gasket.

Akwai agogon da ake ɗaurawa a ramin fulogi a auna matsin kowace silinda, aikin da bai wuce rabin awa ba. Bambancin da ke tsakaninsu bai kamata ya wuce kimanin kashi 10 cikin 100 ba. Idan wata ta yi ƙasa, a ɗiga mata ɗan baƙin mai a sake gwadawa. Matsi ya ƙaru, ringi ne. Bai ƙaru ba, bawul ne ko gasket. Bai kamata mai mota ya amince a sauke masa inji ba sai ya ga waɗannan lambobi da idonsa.

Na'urar gwaji da iyakarta

Motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka daga 1996, da masu fetur na kasuwar Turai daga 2001, suna da soket iri ɗaya a ƙarƙashin sitiyari da ake jona na'urar gwaji. Lambar P0505 tana nuni ga tsarin silo, P0171 ga ƙarancin mai a kan iska, P0300 ga ɓacewar wuta, P0335 ga sensar karanshaf. Tsofaffin Toyota da suka riga wannan tsari suna da akwatin gwaji a ƙarƙashin bonet, inda ake haɗa TE1 da E1 a ƙirga ƙiftawar fitilar inji.

Sai dai lamba unguwa take nunawa, ba ta nuna gida. P0171 na iya fitowa saboda tiyon da ya tsage, kuma sayen sabuwar sensa ba zai ɗinke tiyo ba. Idan fitilar inji ba ta kamawa ko da an murɗa makulli, wataƙila an cire ƙwanta ne kafin a sayar da motar.

Gyaran da ke rufe ciwo

Mafi yawa a cikinsu shi ne ɗaga silo. A murɗa kusa ko a ja wayar totur, inji ya koma juyi 1,200 ko fiye, mota ta daina mutuwa, kowa ya watse. Ciwon yana nan. Injin mota matsakaiciya yana shan abin da ya kusa lita ɗaya a awa ɗaya ta silo, ɗaga shi kuma ƙari ne a kan wannan kowace rana. Giyar otomatik za ta riƙa shiga da duka, birki kuma zai ƙara aiki.

Na biyu shi ne cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye, da hujjar cewa an yi su ne don ƙasashen sanyi. An ƙera inji ya yi aiki a zafin maki 85 zuwa 95. Idan aka hana shi kaiwa nan, musamman da safiyar hunturu, ƙwaƙwalwa za ta ɗauka har yanzu bai ɗumama ba, ta ci gaba da ƙara masa mai. Fulogi su yi baƙi, silo ya lalace, aljihu ya ji a jikinsa. Motar da ke zafi lagiretonta ko famfon ruwanta ne ke neman gyara.

Na uku shi ne mayar da mai injekta kafireta don an kasa gano matsalarta. Sau da yawa sensa ɗaya ko waya ɗaya ce ta jawo aka rushe tsarin da ya fi tsimin mai.

Idan ta mutu ana cikin tafiya

Nan ne batun ya wuce na aljihu. Hanyar Yelwa hanyar manyan motoci ce, tirela da tanka ba sa yankewa a kanta dare da rana, kuma a yanayin tsaron da ake ciki babu mai son tsayuwar dole a daji bayan magariba. Idan inji ya mutu, sabon birki yana da ragowar taki ɗaya ko biyu kawai kafin feda ta yi tauri. Birkin yana nan, ƙarfi yake buƙata, don haka a taka sau ɗaya a danne, kada a riƙa famfo. Sitiyari zai yi nauyi amma yana juyawa. Kada a murɗa makulli baya har ƙarshe, domin zai iya kulle sitiyarin. A kunna fitilun gargaɗi, a gangara gefe, a fitar da fasinja daga kan titi, a ajiye alamar kusurwa uku da tazara mai kyau. Tari da ganye da duwatsu ba sa haskawa da dare.

Tsakanin mai mota da bakanike

Kanikawan garuruwanmu suna da basira da ƙwarewar da ta sa motocin da ƙasashensu suka yi watsi da su ke ci gaba da aiki. Abin da ke kawo musu cikas shi ne ƙarancin kayan gwaji, da kuma mai motar da zai ajiye makulli ya ce a duba kawai. Wanda ya zo ya ce, “Malam, da safe lafiya take, sai ta yi zafi na kunna fitila take mutuwa, kuma ta fara ne bayan na sha mai a hanyar Wara,” ya riga ya yi wa bakanike rabin aiki.

A nemi a fara da abin da ake dubawa da ido da kunne, sannan abin da ake wankewa, sannan abin da ake aunawa, sayen kaya ya zo a ƙarshe. A canza abu ɗaya a gwada kafin a taɓa na biyu, in ba haka ba ba za a san wanda ya yi maganin ba. A karɓi tsohon kayan da aka cire, domin idan sabon bai canza komai ba, tsohon lafiyarsa ƙalau. A biya bakanike ladan bincike ko da bai sayar da komai ba, saboda wanda ya san ba za a biya shi ba sai ya canza kaya, kaya zai canza. A kuma ajiye ɗan littafi a mota ana rubuta ranar da aka yi kowane gyara.

Motar da ta fara kakkarwa a ƙofar gida ko a harabar sakatariya ta ba da sanarwa ke nan. Mai tafiya Birnin Kebbi ko Kontagora gobe da asuba, yau ya kamata ya kai ta a duba, domin ba a fafe gora ranar tafiya.